Fadamar Haɗeja da Nguru: Tarihin Ruwan da Aka Tare

A arewa maso gabashin Nijeriya, inda jihohin Jigawa da Yobe da Bauci suka haɗa iyaka, akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fadama wadda masana suka saba kira da sunan garuruwan Haɗeja da Nguru, kuma tarihinta na shekaru hamsin da suka wuce yana daga cikin misalan da suka fi fito da rigimar da ke tsakanin noman zamani na manyan ayyuka da kiyaye yalwar halittu a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama. Noman zamani na manyan ayyuka shi ne wanda ake tattara ruwa da taki da maganin ƙwari da injuna a kan fili guda, a shuka iri ɗaya ko biyu, domin a kwashi amfani mai yawa sau biyu ko uku a shekara. Yalwar halittu kuwa ita ce yawan nau'o'in tsirrai da kifaye da tsuntsaye da dabbobi da ke rayuwa a wuri guda, tare da dogaron da kowannensu ke yi da ɗan'uwansa. A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, waɗannan abubuwa biyu ruwa ɗaya suke nema, shi ya sa duk shawarar da aka yanke a kan ɗaya sai ta taɓa ɗayan.

Ruwan da ke raya wannan fadama ba a cikinta yake sauka ba. Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, shi kuwa Kogin Jama'are yana gangarowa ne daga tsaunukan Jos, inda ruwan sama ya ninka na Nguru. Da zarar kogunan sun baro ƙasa mai duwatsu sun shigo ƙasar rairayi ta kwarin Tafkin Cadi, sai gudunsu ya ragu, su tarar da jerin tsofaffin jigayi da iska ta tara tun wani zamanin fari mai nisa, su rarrabu rassa-rassa a tsakaninsu, su malale cikin kwaruruka da tafkuna, kafin ragowar ruwan ya sake haɗuwa a wajajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Nijeriya da Nijar ta gefen Difa har ya faɗa Tafkin Cadi. A shekarun 1960 ruwan kan mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,000 ko fiye a tsakanin Agusta da Oktoba, sa'an nan ya soma janyewa sannu a hankali har zuwa bazara, lokacin da ba ya saura sai a cikin gurabe masu zurfi. Wani kaso mai yawa na wannan ruwa yana nutsewa ƙarƙashin ƙasa, kuma daga nan ne rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi suke samun abin da suke sha duk rani.

Zuwan ruwa da tafiyarsa su ne ginshiƙin rayuwar wurin baki ɗaya, kuma mutanen da suka zauna a cikinsa, Hausawa da Badawa da Mangawa da Barebari da Fulani, sun gina sana'o'insu a kan wannan kai da komo. Manomin shinkafa yakan watsa irinsa da ruwan farko, tun kogi bai cika ba, domin shukar ta yi tsawon da ambaliya ba za ta binne ta ba, alhali yana da gonar gero a kan tudu wadda zai dogara da ita idan ruwan ya makara ko ya yi yawa. Idan ruwa ya fara ja da baya sai a bi sawunsa da wake da dawa da rogo a cikin laimar da ya bari, ba tare da an ɗebi ko guga ɗaya an zuba ba, masu lambu kuma su kafa jigo a bakin gurbi su yi albasa da tattasai. Kifi yana fita daga kogi ya bi ambaliya ya yi ƙwai a cikin ciyawa, ƙananan su girma a inda abinci ya yalwata, kuma a lokacin komawarsu ne masunta suke kafa mali da koma su kama tarwaɗa da karfasa da kurungu da bargi, a yi banda a kai kasuwa, musamman bayan da layin dogo ya isa Nguru a wajajen 1930 ya buɗe hanya zuwa Kano da kudu. Bayan girbi sai garkunan Fulani su gangaro su ci ciyawar burgu da karan da aka bari, su bar taki a gonakin. Mata da yara suna yankan kaba daga goruba a yi tabarmi da igiya da faifai, ana ɗiban kanwa, ana tsinko bado, ana sare itacen bagaruwa da giyayya daidai bukata. Fili ɗaya ke nan yana ciyar da manomi da masunci da makiyayi a cikin shekara guda, kowa da watanninsa, kuma sarkin ruwa da bulama da mai unguwa suna tsare da ƙa'idar wanda zai shiga da lokacin da zai fita. Bikin kamun kifi na Badawa a Gogaram shaida ne a kan wannan tsari, domin ana hana su a gurbin har sai ranar da aka sa.

Wannan kai da komo na ruwa shi ne kuma ya tara tsuntsaye. An ƙidaya nau'o'i kusan 377 a fadamar, daga 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da jinjimi da belbela, zuwa baƙi masu tasowa daga Turai da arewacin Asiya su ƙetare Sahara a ƙarshen damina, su yi hunturu a nan, su koma a wajajen Maris. Ga tsuntsun da ya ratso hamada, wannan fadama tana cikin wurare kaɗan da zai fara samun ruwa da abinci, kuma abincin nasa yana cikin taɓo da ruwa marar zurfi da ambaliya ke bari idan tana janyewa. Ƙidayar da aka riƙa yi a watan Janairu a tsakiyar shekarun 1990 ta sami tsuntsayen ruwa sama da 200,000 a kowace shekara, a 1997 ma adadin ya haura 300,000.

Sauyin ya faro ne daga sama, a ƙasar Kano, kuma ba a iya fahimtarsa sai an tuna halin da ake ciki a lokacin. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Bagauda, sa'an nan ta fara ta Tiga a kan Kogin Kano a 1971 aka kammala a 1974, tafki mai iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, a daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya halaka dabbobi ya jefa jama'ar Sahel cikin yunwa, kuɗin man fetur kuma suka fara shigo wa gwamnati da yawa. Ga shugabannin wancan zamani, ruwan da ke wucewa ya malale a daji asara ce, tare shi a kai gona kuwa shi ne maganin yunwa da hanyar rage sayen alkama daga waje. Ba daidai ba ne a ɗauki wannan tunani a matsayin mugunta ko wauta, domin yunwar gaskiya ce, birnin Kano ma yana girma yana bukatar ruwan sha. Daga Tiga aka ja babbar magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara shayar da hekta 22,000 a kashi na farko na Aikin Noman Rani na Kogin Kano. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamar aikin, daga baya aka gina shingen ruwa a kusa da Auyo domin noman rani na kwarin Haɗeja, kuma a 1992 aka kammala madatsar Calawa a kusa da Ƙaraye. Madatsun nan biyu suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja.

Abin da aka samu a sama ba ƙarami ba ne, kuma duk wanda ya ga kasuwar shinkafa ta Kura ko kwandunan tumatir a bakin hanyar Zariya ya san dubban iyalai sun sami abin yi a lokacin da a da sai cin rani. Sai dai lissafin da aka gina aikin a kansa ya tsaya ne a bakin magudana, bai ƙirga abin da mutanen fadamar da ke ƙasa za su rasa ba, tun da shinkafar da ake ci a gida da kifin da ake musaya da kabar da ake saƙawa ba sa shiga littattafan ma'aikatu. Ambaliyar ta ragu tun daga cikar Tiga, fari kuma ya ƙara mata rauni, har a 1984 filin da ruwa ya rufe bai kai murabba'in kilomita 300 ba. A shekarun da suka biyo baya ya ɗan farfaɗo zuwa tsakanin 700 da 1,000, wato bai wuce rabin yadda aka san shi ba. Gonakin shinkafa suka bushe, gurabe suka ƙafe da wuri, ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa, itatuwan da saiwarsu ta saba da ambaliya suka mutu a tsaye.

Matsin bai tsaya ga madatsu ba, domin noman zamani ya shigo cikin fadamar kanta ta wata ƙofa. A shekarun 1980 hukumomin raya karkara da Bankin Duniya ke tallafa wa suka fara sayar da ƙananan injunan ban ruwa da rangwame, kuma da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 farashinta ya tashi, sai masu hali daga birane, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, suka nemi filaye a bakin kogi, aka sa katafila ta tumɓuke dazuzzukan bagaruwa da goruba aka shuka alkama. Da yawa daga cikin waɗannan filaye ƙasa ce mai rairayi wadda ba ta jure noma shekara da shekaru, don haka bayan 'yan kaka kaɗan amfanin ya faɗi, aka ɗage haramcin a farkon shekarun 1990, aka bar filayen fayau babu alkama babu daji. Injin ban ruwa ya kuma sauya ƙa'idar zaman da aka gada, saboda gonar da a da ake sakar wa shanu bayan girbi yanzu tana da shuka a cikinta duk rani, burtali da mashaya suka toshe, rikici tsakanin manoma da makiyaya ya yawaita ya kuma ƙara muni.

A cikin wannan hali ne masu kula da tsuntsaye suka iso. A 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Fadamar Haɗeja da Nguru, da haɗin gwiwar Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya da ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya da ake kira IUCN, kuma ziyarar da Yarima Philip na Ingila ya kai Dagona, wani sashe na fadamar, a 1989 ta sa sunan wurin ya fita duniya. Da farko hankalinsu yana kan agwagin Turai ne, amma ba a daɗe ba suka gane cewa shinge da masu gadi ba za su tsare tsuntsu ba matuƙar ruwan da yake sauka a kai an riƙe shi a nisan ɗaruruwan kilomita, kuma ruwan nan shi ne dai wanda manomin shinkafa da masunci suke jira. Daga nan aikin ya koma binciken ruwa da tattalin arziki, wanda aka tattara a wani littafi da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka shirya a 1993. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna ribar noma da su da itacen wuta a fadamar, suka kwatanta da ribar aikin Kogin Kano, suka sami cewa kowace kubik mita 1,000 ta ruwa tana haifar da abin da ya kai dala 9 zuwa 14 a fadama, alhali a babban aikin ribarta ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba, idan aka cire kuɗin da ake kashewa. Wannan lissafi bai ma haɗa da kiwo da ruwan rijiyoyi da tsuntsaye ba. Ana iya jayayya a kan wasu alƙaluman, amma tazarar ta yi faɗin da ba za a ce kuskuren awo ba ne, kuma ta nuna cewa rigimar a zahiri tana tsakanin tsarin noma iri biyu ne, ɗaya mai shan ruwa da yawa a fili kaɗan, ɗaya mai tafiya tare da kifi da ciyawa da tsuntsu. Shawarar da masanan suka bayar ita ce a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Calawa a watan Agusta domin a kwaikwayi ambaliyar asali, a kuma rage sakinsa da rani.

Abin da ya faru kishiyar wannan ne, kuma a nan tarihin ya ɗauki salon da ba wanda ya yi tsammani. Domin a kai ruwa ga masu noman rani da birnin Kano, madatsun suna sakin ruwa duk shekara, sai kogin da a da yake bushewa wata da watanni ya zama ba ya ƙafewa. Kacala, wata doguwar ciyawar ruwa mai kaurin saiwa wadda tsawonta kan wuce na mutum, a da bushewar rani da kiwo da wuta suna taƙaita ta a 'yan wurare, amma da ta sami ruwa marar zurfi da ba ya yankewa, ga kuma takin zamani da ke gangarowa daga gonakin sama, sai ta bazu kamar wutar daji. Tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta a gindinta, hanyar ta cike, ita kuma ta ƙara samun wurin tsiro. Ta haka reshen Burum Gana da tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja suka toshe, mafi yawan ruwan ya karkata zuwa reshen Marma da Tafkin Nguru, inda ya kwanta a kan gonaki da makiyaya shekara da shekaru, a daidai lokacin da ƙauyukan da ke kan rassan da suka toshe suke fama da ƙishirwa. Gudummawar Kogin Haɗeja ga Kogin Yobe ta ragu ƙwarai, har ya zama mutanen Gashuwa da Gaidam da Difa kusan da Jama'are kaɗai suka dogara.

Wanda ya hango kacala daga nesa zai ga kore shar ya ɗauka fadama ta farfaɗo, alhali nau'i ɗaya ne ya kori saura. A cikinta kwalekwale ba ya wucewa, taru ba ya shimfiɗuwa, burgu da bado ba sa samun haske, tsuntsayen da ke kiwo a taɓo da sararin ruwa ba su da wurin sauka. Masu cin gajiyarta su ne sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya, sai kuma jan baki, ƙaramin tsuntsun nan mai tafiya dubbai wanda ke kwana ya yi sheƙa a cikinta ya fito da safe ya afka wa shinkafa da gero da alkama. Yaran da ya kamata su kasance a makaranta sukan wuni a gona suna kaɗa gwangwani da igiya suna kora, idan abin ya faskara kuma gwamnati ta aiko jirgin sama ya yi feshi, maganin kuwa ba ya tantance jan baki da sauran tsuntsaye. Gauraka, wadda a da ake ganinta garke-garke a fadamun arewa, yau ta yi wuyar gani a Nijeriya, sakamakon lalacewar mazauninta da kamun da ake yi mata domin sayarwa.

Matakan kariya a kan takarda ba su yi ƙaranci ba. Dagona ta shiga Gandun Dajin Ƙasa na Kwarin Cadi a 1991, a shekara ta 2000 aka sa Tafkin Nguru da reshen Marma a jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Iran a 1971 domin kare irin waɗannan wurare, Baturiya da Dagona kuma suka biyo baya a 2008. A 2006 jihohi shida da suka haɗa wannan kwari, wato Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Filato, suka yi taro a Damaturu suka amince da tsarin raba ruwa tare da kafa asusu na musamman. Mutanen ƙauyuka da kansu sun sha yin gayya su shiga ruwa da lauje da adda su buɗe hanya, gwamnatoci sun sayo injunan yankan ciyawa, kuma shirin gyaran noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya haɗa da yashe wasu rassan kogin. Duk waɗannan suna da amfani, amma ruwa ba ya tsami banza: kacalar da aka yanke bana za ta dawo baɗi muddin ba a bar ƙasar ta bushe ba, kuma ikon bushewar yana hannun masu buɗe ƙofofin Tiga da Calawa.

Saura Kogin Jama'are, wanda har yanzu babu babbar madatsa a kansa, kuma ambaliyarsa ce ke riƙe da abin da ya rage na tsohuwar fadama. Tun zamanin Shagari aka fara aikin madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi, aka dakatar a 1984, aka sake tayar da shi a farkon shekarun 1990 aka sake tsayarwa, kuma maganarsa ba ta mutu ba, domin Jihar Bauci tana ganin hakkinta ne ta shayar da gonakinta kamar yadda Kano ta yi, Yobe da Borno kuwa suna ganin ƙarshen noma da su da kiwo ne a wajensu. Bukatar Bauci halattacciya ce, amma abin da ya auku a Kogin Haɗeja ya isa hujja cewa bai kamata a tare Jama'are ba sai an rubuta a doka yawan ruwan da za a saki da damina, da watannin da za a bar kogin ya bushe da rani, da hukumar da za ta amsa tambaya idan aka saɓa, kuma wajibi ne a fara aiwatar da wannan ƙa'ida a Tiga da Calawa kafin a sake ɗora bulo ɗaya a Kafin Zaki.